Lambar filin ɗan farina

Ni dai tun ina yarinya a Furfuri an san ni da abu biyu, daddawa da zargi. Daddawar wurin kakata na gada, zargin kuwa da shi aka haife ni. In mutum ya gaishe ni sau ɗaya zan amsa, in ya ƙara ta biyu sai in fara lalube a raina ko me ya zo ɗauka. Ba yabon kaina nake yi ba. Ina faɗa ne don a gane yadda aka yi mace da hankalinta ta tumɓuke turken filin ɗanta ta jefa a gulbi da hannunta.

Ɗan nawa shi ne na fari, shi kaɗai kuma Allah ya bar mini. A wurinmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, sunansa kuwa ko da suɓutar baki ba ta kama shi, kamar yadda ba ta kama sunan miji. Ana yaye shi gwaggonsa ta goya shi zuwa 'Yankuzo a ƙasar Tsafe, can ya girma. In ya zo gaishe ni sai in kau da kai in ce, "An zo lafiya?" in tura masa ƙwaryar fura ina kallon bango. In zancensa ya kama sai in ce "wancan". Shekarar da ƙyanda ta kwantar da shi na taka da ƙafa har 'Yankuzo, na ce wa mutanen gidan sayen kalwa ya kawo ni, na wuni a bayan ɗakin ina sauraren numfashinsa, ban shiga ba. Ina son sa, wallahi ina son sa har cikin ɓargona, amma da in nuna gara ƙasa ta tsage in shige.

Bayan ubansa ya rasu na dawo Gusau, na sami ɗaki a gidan wata 'yar uwata kusa da kasuwa, ina dafa kalwa ina sayar da daddawa. Ba a daɗe ba gwaggon tasa ita ma ta cika, sai ya biyo ni, gemu ya fara tsiro masa. Mutanen Gusau ba su wahalar da kansu da tambayar sunansa ba, suka riƙa ce masa na Furfuri, shi ke nan ya bi shi. Ya yi dako, ya yi ƙodago a gonakin mutane, har mai unguwa ya ga ƙoƙarinsa ya yanka masa fili a Tudun Wada. A lokacin wurin rabinsa daji ne, sabara da tumfafiya, gidajen ma tsilli-tsilli. Shi kaɗai ya sassabe filin, ya buga tubali ya jera, ya dasa reshen durumi inda ƙofar zaure za ta kasance. Ɗaki uku ya zana a ƙasa da ƙafarsa. Bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba, a bakin maƙwabcinsa na ji cewa ɗaya daga ciki nawa ne.

Maƙwabcin nan wani baduku ne mutumin Tsafe, gajere mai fara'a, hannunsa kullum ja da rinin fata. 'Ya'ya sun yi masa yawa, gida ya yi masa kaɗan, awakinsa kuma ba su san iyaka ba. Tun ranar da na fara ganinsa ya durƙusa ya gaishe ni har sau uku, na ce a raina, to, wannan da walakin.

Kafin a ɗora tubali ɗaya kan ɗaya sai ga zancen hanyar jirgin ƙasa da ake ginowa daga kudu. Aka ce kowace unguwa ta ba da majiya ƙarfi, mai unguwa ya sa wancan a ciki. Ran da za su tashi ya zo da hantsi ya tsuguna a bakin ƙofata.

"Inna, za mu tahi. Ga hilin nan, a riƙa leƙawa."

Na ce, "To."

Ban ɗago kai ba. Wannan "to" ita ce duk sallamar da na yi masa. Ƙullin daddawa da dakuwa da na haɗa masa ma 'yar uwata na ba, ta miƙa masa a kan cewa nata ne.

Daga ranar filin nan ya zama aikina. Na san in ya dawo ya tarar an ba wani, ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa a duniya, don gonar ubansa tuni baffanninsa sun raba, gidan 'Yankuzo kuma ya zama kango. Na rufe tubalin da zana. Da ruwa ya sauka na shuka kuɓewa da yakuwa, ba don miya ba, don duk mai wucewa ya san wurin da mai shi. Kullum in na tashi daga kasuwa sai na bi ta can, kullum kuma sai baduku ya leƙo ta kan darni.

"Sannu da ƙoƙari, Inna. Ki bari in kwashe tubalin ga in sa a rumfata, ruwa na cinye su."

"A bar su inda mai su ya aje."

"To ko in riƙa ba durumin ruwa in rani ya yi?"

"Ina da tulu."

Sai ya yi dariya ya koma kan fatarsa. Ni kuwa in ce a raina, in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Yau ka ba itace ruwa, gobe ka ce kai ka raya shi, jibi ka shimfiɗa tabarma ka ce inuwarka ce. Ba da ni ba.

Damina ta wuce, rani ya wuce, ba wancan ba labarinsa. Da bazara, ana tsananin zafin nan da ke hana kaza kiwo, sai ga 'yan awo sun sauka a Tudun Wada. Wani Bature ne da wani abu mai ƙafa uku da yake leƙawa da ido ɗaya, mutanensa suna jan doguwar sarƙa a ƙasa suna kafa fararen turaku. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa za a miƙe hanyoyi su zama layi-layi, kowane fili zai sami lambarsa, ko an gina ko ba a gina ba. Duk mai fili ya je ofishin 'yan awo ya faɗi sunansa a rubuta a gaban lambar, don in an zo neman gida ko an aiko da saƙo a san inda za a dosa.

Kasuwa ta ɗauka. Wata Bafillatana mai tallar nono ta ce haka aka fara da shanunsu, aka ƙirga, sai ga jangali. Mai gishiri ya ce duk ƙasar da aka sa wa lamba ta fita hannun mai ita ke nan. Wata tsohuwa mai kaɗi ta ce ƙirge yana korar albarka, mu da ko 'ya'yanmu ba mu ƙirgawa. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaushe aka taɓa ɓata a Gusau? In kana neman gidan wani ka tambayi mai tallar fura, ta kai ka har zaure, ta ƙara maka da labarin abin da aka dafa jiya a gidan. Wanda ya ce sai ya rubuta sunanka kafin ya san ƙofarka, ni ban ga alamar ziyara zai kawo maka ba.

Da na je filin na tarar da namu turken, fari fat, a kusurwar da ta haɗa mu da baduku. An yi masa zane biyu da baƙi, ɗaya kamar taɓarya a tsaye, ɗaya kamar fartanya. Ba rubutun allo ba ne, ban taɓa ganin irinsa ba.

Na ce, "Wa ya kafa wannan?"

"'Yan awo, Inna," in ji baduku. "Kina kasuwa sunka zo, ni na nuna musu iyaka. Har na ce musu mai hilin shina wurin aikin jirgi. Sun ce ki je ki ba da sunanai."

"Wa ya aike ka?"

"Haba Inna, maƙwabtaka fa."

"Maƙwabtaka! Kuma duk faɗin hilin ga ba a ga wurin kafa shi ba sai jikin darninka?"

Ya buɗe baki zai yi magana na juya na bar shi tsaye. Kwana biyu ina juya abin a raina. Biri fa ya yi kama da mutum. Kowa ya san yadda ake raba mutum da wurinsa, a binne wani abu a kusurwar gida, mai gida ya ji duk garin ya ishe shi, ya shiga duniya ko waiwaye babu. Ga wancan fiye da shekara shiru. Wa ya sani ko baduku ya riga ya shafa wa turken abin da zai shafa kafin a buga shi? 'Yar uwata ta ce in bar wannan zato in je in ba da suna kamar kowa. Na ce ita da ba ta da fili ai faɗa da baki ba wuya.

Rana ta uku na je da rana tsaka, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki, awakin baduku ma sun lafe a inuwa. Na naɗe hannuna da tsumma, na yi bisimilla, na yi ta girgiza turken har ya fito. Inna lillahi! Duk gindin da ke cikin ƙasa baƙi ƙirin, an shafe shi da wani abu mai danƙo mai wari, warin da ni mai daddawa ma sai da na toshe hanci. Na ce, "Allah ya tona asirinka, baduku." Na ƙunshe shi a tsohon zane na nufi gulbi, na wurga shi da hannun hagu cikin ruwan da ya rage, na dawo ban waiwaya ba. Ranar har tuwo na ƙara don jin daɗi. Washegari baduku ya ga ramin, ya dube ni, na dube shi. Ya kau da kai ya koma kan fatarsa, na ce ka ga mara gaskiya, ko a ruwa gumi yake yi. Ofis kuwa ban je ba, ban kuma yi niyyar zuwa ba.

Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa. Wata ranar kasuwa ina zaune gaban faifan daddawata sai ga masinjan ofis, da jar hula da takarda a hannu, yana ratsa rumfuna yana kira da ƙarfi. Sunan yanka na wancan yake kira, haɗe da na ubansa, yana cewa ina uwar wane ɗan wane. Rabona da jin sunan nan a sarari tun ranar suna, da maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da mata. Ba wanda ya motsa, don ba wanda ya san mai wannan suna a kasuwar. Ya zo ya tsaya daf da ni, har inuwarsa ta rufe faifaina, ya sake kira.

Na sunkuyar da kai ina gyara daddawar da ba ta bukatar gyara. Ta yaya zan miƙe a tsakiyar kasuwa in amsa sunan ɗan fari da na miji a haɗe? Ban da haka ma, ana ta raɗe-raɗin cewa in mutum ya gudu daga aikin jirgi danginsa ake nema, a tsare su sai ya fito. Na ce lalle wancan ya gudo, tarko ne aka ɗana, in na amsa na nuna musu ƙofar da za su yi masa kwanto. Masinja ya gaji ya wuce wajen 'yan hatsi, ni kuwa har ina yaba wa kaina wayo.

Duk daminar nan a zatona yana ɓoye a wani ƙauye kusa, yana jiran ƙura ta lafa. In na je filin sai in duba ƙasa ko zan ga sawunsa, don na san sawun, babban yatsansa na dama a karkace yake irin na ubansa. Sau da yawa na bar ƙullin dakuwa a ƙarƙashin zanar tubali, in dawo in tarar babu, in yi ta murna. Ban kawo awakin baduku a raina ba.

Aka yanke gero aka kai rumbu, aka fara cirar gyaɗa. Wata safiya ina tsame kalwa sai na ji sallamar baduku a ƙofar gidanmu, shi da bai taɓa zuwa ba. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Inna, yau za a rufe littafin Tudun Wada. Duk hilin da ba turke ba suna an ce ba mai shi. Wani mai sayen gyaɗa ya riga ya nuna naku, shina son ya gina sito."

"Kai ka kawo shi ke nan."

Nan fa na ga abin da ban taɓa gani ba, baduku ya yi fushi.

"Inna, ki ji tsoron Allah! Ni mai unguwa ya fara yi wa tayin hilin ga tun watan jiya, na ce amana ce. Da ina so da tuni na ja darnina na haɗe. In za ki tashi ki tashi, in ba ki tashi ba ni dai na fita."

Na rufe kwandon kalwa na yafa mayafi. Amma ko a hanya a bayansa nake tafiya ina lura da shi, don har lokacin ban gama yarda ba.

Ofishin ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da tebur da benci. Mai rubutun wani matashin malami ne Bakano, maganarsa da sauri kamar ana korar sa, ga wani shirgegen littafi a gabansa. A kan benci mai sayen gyaɗa na zaune cikin babbar riga yana cin goro. Ya dube ni sama da ƙasa ya kau da hanci. Na san warin kalwa ne, na ƙara matsawa kusa da shi da gangan.

Malamin ya ce, "Wane fili ne, Inna? Mece ce lambar turkenku?"

Na ce turken ya ɓata.

"Ya ɓata? Turke yana da ƙafa ne?"

Baduku ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki. Sai na tsuguna na zana masa a ƙasa da yatsa, taɓarya a tsaye, fartanya a gefenta. Malamin ya leƙo ya yi murmushi, ya buɗe littafi.

"Sha bakwai ke nan, layin tsamiya. Ga ta nan, gabanta fayau ba suna. Filin wane ne?"

"Na wancan ne."

"Wane wancan?"

Baduku ya yi sauri ya ce, "Ɗanta ne, Malam, na Furfuri muke ce mai. Shina wurin aikin jirgi."

"Na Furfuri ba suna ba ne. Mutum nawa ne suka fito daga Furfuri? Sunan yanka nake so, da na uba."

Baduku ya juyo gare ni ya buɗe hannuwa. Bai sani ba. Duk cin tuwon da suka yi tare bai taɓa tambaya ba.

Na ce, "Malam, sunanai irin na limamin garinmu ne, wanda ya rasu."

"Allah ya jiƙansa, Inna, amma ban san shi ba."

"To a ba ni kwana biyu in aika Furfuri baffansa ya zo ya faɗa, 'yar uwata da ta sani ba ta gari."

"Da azahar zan rufe littafin nan in miƙa wa Bature. Tun bazara ake shela ba ku zo ba."

Na ce ai ɗan fari ne. Ya ce ya gane, shi ma ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma shi ba zai iya rubuta "wancan" a littafi ba. Mai gyaɗa ya gyara zama ya ce, "Malam, in ba ta san sunan mai wurin ba ai magana ta ƙare."

Ban san sunan ba! Ni da na yi kwana biyu ina naƙudarsa! Na tuna ɗaki ukun nan da aka zana da ƙafa, na ga buhunan gyaɗa jibge a kansu, na ga wancan ya dawo da 'yar jakarsa ya tsaya a layi yana tambayar ina filinsa. Baduku ya dubi fuskata, sai ya miƙe ba wanda ya ce masa, ya fita ya tsaya can gindin aduwa ya toshe kunnuwansa da yatsu. Ta ƙofa nake hango shi, magidanci guda da yatsu a kunne kamar mai kiran salla. A nan na fara jin kunyarsa.

Na ja mayafi na rufe fuska, na juya wajen bango, na faɗa.

"Ban ji ba, Inna."

Na sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, nasa da na ubansa, har mai gyaɗa ya daina tauna. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau shi ne, sunan ya yi mini daɗi a baki. Shekara ashirin da 'yan kai yana kwance a ƙirjina, ashe haka yake da sauƙin faɗa.

Na ji ƙarar alƙalami a kan takarda, sai kuma na ji ta tsaya. Malamin ya maimaita sunan a hankali. Ya tashi ya buɗe wani akwati a lungu, ya yi ta bincike, ya fito da wata takarda a ninke, gefenta har ya yi ja don daɗewa.

"Inna, ashe ke ce uwarsa? Wannan tun farkon damina ta zo daga sansanin 'yan aikin jirgi. Mun duba littafi ba mai wannan suna. Na aika masinja har kasuwa ya yi ta kira. Ba ki ji ba?"

Ya warware takardar, rubutun ajami ne, wani malami a sansanin ya rubuta wa wancan. Ya karanta, ni kuma har gobe ina iya maimaita ta ba tuntuɓe. Bayan gaisuwa wancan ya ce yana lafiya, wa'adin aikinsu zai cika da kaka. Ya ce labari ya iske su cewa an auna Tudun Wada an raba wa baƙi duk filin da ba gini. In nasa yana nan a aiko masa ko da kalma ɗaya ce, ya dawo ya yi gini. In kuwa har aka yanke gero bai ji komai ba, ya san ba abin da ya rage masa a Gusau, zai bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. A ƙarshe ya ce a gaida Inna, in tana tambayarsa.

In tana tambayarsa. Gero kuwa ya fi wata guda a rumbu.

Ban yi kuka a ofishin ba, kada mai gyaɗa ya gani. Malamin ya ƙarasa rubuta sunan a gaban lambar, ya miƙo mini wani ɗan faifan kwano mai zanen taɓarya da fartanya, ya ce in an yi ƙofa a buga shi a sama. Sa'an nan ya rage murya ya ce, "Da kin zo tun da aka kafa turaku, da ranar da ta iso za a kawo miki ita har gida." Ba da mugunta ya faɗa ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari muka kama hanya ni da baduku, ya bar fatunsa a jiƙe. Muka wuce Tsafe, muka yi ta bin gefen sabuwar hanyar har muka iske sansanin. A can ma sai da na faɗi sunan kafin shugaban 'yan aikin ya gane wanda nake nufi. Ya ce ai wancan ya yi jira. Ayarin farko ya tashi ya ƙi bi, ya ƙara kwana goma bayan an sallame su, kullum sai ya zo ya tambaya ko takarda ta zo daga Gusau, sai da na biyu zai tashi ya ɗauki jakarsa. Na zauna a kan tarin duwatsu na yi kukan da ban taɓa yi masa ba tun haihuwarsa, a gaban maza, ban rufe fuska ba.

A hanyar dawowa na gaya wa baduku inda turken yake. Ya ce ya sani, matarsa ta hango ni ranar. Baƙin abin nan kuwa kwalta ce, ana shafawa don kada gara ta ci itacen, duk turakun Tudun Wada haka suke, har da nasa.

Na ce, "To mi ya hana ka faɗa mini?"

"Inna, da na faɗa za ki yarda?"

Na ce ya rufe mini baki. Iyakar neman gafarar da na iya ke nan, shi ma ya san halina ya karɓa a haka.

Da rani baduku ya tara maƙwabta aka yi gayya, aka sake buga tubali, don na farkon sun narke a ƙarƙashin zanata kamar yadda ya faɗa. Ɗaki uku muka tayar, daidai inda aka zana. Na shiga ɗaya, biyun na share na ja ƙofa. Baduku da kansa ya hau turmi ya buga faifan lambar a saman ƙofar zaure, ni ina ƙasa ina ce masa ya karkace.

Masu zuwa Gabas a ƙasa wasu shekara bakwai suke yi, wasu goma, wasu su tsaya a hanya su yi noma su yi aure, wata rana sai ka gan su da furfura. Saboda haka ban cire rai ba. Jirgin ya iso Gusau, Tudun Wada ta cika maƙil, tsamiyar da ake kiran layinmu da ita ma an sare ta, sai sunan ya rage. In ya dawo ba zai gane unguwar ba, durumin da ya bari kamar sanda yanzu 'yan unguwa ke hira a inuwarsa. Lambar nan da na jefa a gulbi ita kaɗai za ta nuna masa ƙofa, shi ya sa duk bayan damina nake sa a wanke ta a sake mata baƙi.

Zargi kam ban daina ba, har yanzu mai gaishe ni sau biyu hannunsa nake kallo. Amma duk wanda na ji zai tafi Gabas, ko ban san shi ba, sai na je har inda yake da ƙullin daddawa. In tsaya a gabansa fuska a buɗe in faɗa masa sunan, nasa da na ubansa, in sa ya maimaita har ya zauna masa. Mata suna cewa tsohuwar nan ba ta da kunya, tana kiran ɗan fari gatsal a bainar jama'a. Su faɗa. Sai in tsuguna in zana masa taɓarya da fartanya a ƙasa, in ce in ya gan shi ya ce masa Gusau, Tudun Wada, layin tsamiya, filinsa yana nan, an yi ɗaki uku, kuma Inna tana tambayarsa.